Hukuncin dukan mata da haƙƙin mijin da aka kai ƙara

Tambaya: Malam, ni masunci ne daga wani ƙauye kusa da Wara, Ƙaramar Hukumar Ngaski. Matar ƙanena ta kai shi ƙara cewa ya doke ta har haƙorinta ya fita, shi kuma ya musanta. Ya halatta mu ɗaukar masa lauya, ko hakan taimakon zalunci ne?

Amsa: Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya ɗan'uwa, ka fara sanin nauyin abin da ake tuhumarsa da shi. Dukan da ke barin rauni, ko karaya, ko ya taɓa fuska, haramun ne. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. A mazhabar Malikiyya, idan cutarwa ta tabbata, alƙali yana da ikon raba auren ko da sau ɗaya abin ya faru. Tana tabbata da shaidu, ko da labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta. In ma matar ta biya kuɗin khul'i don ta tsira, daga baya aka gane cutar da ita ake yi, za a mayar mata da kuɗinta, rabuwar kuma ta tabbata. Diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce, ko ƙimarsu.

Amma tuhuma ba hukunci ba ce. Ƙa'idar shari'a ita ce mai ƙara ya kawo hujja, wanda ya musanta ya yi rantsuwa. Kafin alƙali ya yanke hukunci, wajibi ne ya yi wa wanda ake ƙara i'izari, wato ya tambaye shi ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidu. Malamai sun halatta naɗa wakili a gaban alƙali, lauya kuwa wakili ne. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, sashe na 36, ya ɗauki mutum marar laifi har sai an tabbatar, ya kuma ba shi damar kare kansa ko ɗaukar lauya. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976. In hukuncin raba aure bai gamsar da shi ba, yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Birnin Kebbi.

Saboda haka ɗaukar lauya halal ne, da sharuɗɗa uku. Kada ku sayi shaidar zur, domin tana cikin manyan zunubai. Kada ku tsoratar da matar ko danginta don ta janye ƙara. Kada kuma ku ɓata mata suna da ƙagen da ba ku da hujjarsa.

Ka keɓe da ƙanenka ka tambaye shi tsakaninsa da Allah. Idan ya aikata, taimakonka gare shi shi ne ka hana shi ƙarya, ya amsa laifinsa, ya biya kuɗin magani da diyya, ya nemi afuwarta. Hukuncin alƙali ba ya halatta wa mutum abin da ya san ba haƙƙinsa ba ne.

Sulhu alheri ne. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. Sai dai sulhu ba ya nufin a mayar da mace ɗakin da take tsoron ranta. Ke kuma 'yar'uwa da wannan ya same ki, ko a Yelwa kike ko a Shanga, ki fara zuwa asibiti, ki adana takardar likita, ki sanar da waliyyinki. Kai ƙara ba rashin haƙuri ba ne.

Allah ne Mafi sani.