Ƙwayar da ke Jiran Kira: Tarihin Yaƙi da Wuta-wuta

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Funtuwa a ƙarshen damina zai ga wasu gonakin dawa da fure mai launin shunayya ya cika tsakanin kunyoyinsu. Matafiyi yakan ga abin ya ba shi sha'awa, har ya ciro waya ya ɗauki hoto. Mai gona kuwa in ya duba sai gabansa ya faɗi, domin ya san an gama yi masa ɓarna tun kafin furen ya fito. Wannan ita ce wuta-wuta, wasu su ce ƙuduji. Sirrinta duk yana cikin yadda ƙwayarta ke tsirowa, kuma sai da masana suka shafe fiye da shekara 180 kafin su warware shi.

Ƙwayar gero ko ta dawa abu uku take nema kafin ta tsiro: ruwa, ɗumi da iska. Idan ta sha ruwa ta kumbura, ɗan tsiron da ke barci a cikinta sai ya farka, ya fara cin guzurin da uwarsa ta ɗaure masa, wato garin nan da muke tuwo da shi. Saiwa ce ke fara fasa ɓawo ta nufi ƙasa, sannan kan tsiron ya nufi sama. Guzurin yakan ishe shi har ya fitar da ganye ya fara ciyar da kansa daga hasken rana. Shi ya sa manomi ke iya yin binne a busasshiyar ƙasa ya tafi gida, ya san da an yi ruwa mai nauyi, cikin 'yan kwanaki gona za ta yi kore.

Ƙwayar wuta-wuta ba ta da wannan gata. Ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, tsawonta bai kai rabin milimita ba, guzurinta kuma na 'yan kwanaki ne kawai. Idan ta tsiro ba ta sami saiwar dawa, gero ko masara da za ta maƙale ta tsotsa ba, mutuwa za ta yi. Saboda haka ruwa da ɗumi ba su isa su tashe ta ba. Takan jiƙa na kimanin mako ɗaya zuwa biyu ta shirya, sannan ta saurari wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa cikin ƙasa. In ta ji shi, ta tsiro. In ba ta ji ba, ta koma barci, kuma tana iya jira shekara goma ko fiye. Tushe guda yana zubar da ƙwaya dubu hamsin, wani lokaci ma ya zarce haka nesa.

Wanda ya fara rubuta wannan hali shi ne Jean-Pierre Vaucher, wani masanin tsirrai daga birnin Janiba. A shekarar 1823 ya lura cewa ƙwayar wata 'yar uwar wuta-wuta da ke addabar gonakin Turai ba ta tsirowa sai in akwai saiwar shukar da take ci a kusa. Ya ga alama, amma kayan aikin zamaninsa ba su kai su nuna masa abin da saiwar ke fitarwa ba. Haka maganar ta zauna fiye da ƙarni guda. Ciyawar ta ci gaba da cin gonakin talakawa a Afirka da Indiya, inda babu kuɗin bincike mai yawa.

Abin da ya canza lissafi ya faru ne a 1956, lokacin da aka tabbatar da wani nau'in wuta-wuta mai jan fure a gonakin masara na jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. Da aka bincika, sai aka tarar ta bazu har Karolina ta Kudu, ta mamaye kusan eka 450,000. Hankalin gwamnati ya tashi, domin in ta kai manyan jihohin masara na tsakiyar ƙasar, asarar ba za ta lissafu ba. Aka killace yankin, aka hana fitar da ƙasa, amfanin gona da injinan noma sai da bincike, aka kuma zuba kuɗi a ɗakunan gwaji.

Shekara goma bayan haka, a 1966, C. E. Cook da abokan aikinsa suka tace sinadarin daga ruwan da saiwar auduga ke fitarwa, suka sa masa suna strigol. Abin mamaki shi ne auduga na yin kiran, ƙwayar ta tsiro, amma ba ta iya kama saiwar auduga, sai ta mutu da yunwa. Ashe ana iya yaudarar ta. A 1970 aka gano cewa iskar etilin, wadda ke nunar da ayaba da mangwaro, ita ma tana tashe ta. Robert Eplee da ma'aikatan hukumar noma ta Amurka suka ƙera injinan da ke cusa wannan iska cikin ƙasa a lokacin da babu masara a gona. Ƙwayoyin su tsiro, su nemi abinci su rasa, su mutu. Da wannan dabara da magungunan feshi aka share fiye da kashi 99 cikin 100 na filin da ta kama. Aikin ya ci shekaru da dama da kuɗi sama da dala miliyan 200.

Wannan hanya ba ta dace da manomin Bakori ko na Maraɗi ba. Injinan da iskar suna da tsada, kuma nau'in da ke cin dawarmu bai cika amsa kiran etilin kamar na Amurka ba. Sai masu bincike suka juya tambayar: maimakon a yaudari ƙwayar, me zai hana a nemo dawar da ba ta ɗaga murya? Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha da ya tashi a ƙauye, ya yi wannan aiki tare da Larry Butler a Jami'ar Purdue. Sun samar da hanyar gwada saiwar dawa a ɗakin gwaji don tantance wadda ba ta tashin ƙwayar sosai, suka fitar da iri masu jure wa wuta-wuta a tsakiyar shekarun 1990. Aikin ya sa aka ba Ejeta Lambar Abinci ta Duniya a 2009. A nan gida ma, cibiyar binciken noma ta Samaru da reshen IITA na Kano sun yi irin wannan aiki a kan nau'in da ke cin wake, inda suka yi amfani da wani waken gargajiya da aka samo daga Botswana wajen haɗa sabon iri.

Duk da haka akwai tambayar da ta rage. Me ya sa dawa za ta riƙa kiran abin da zai kashe ta? Amsar ta fito daga Japan a 2005, daga Kohki Akiyama da abokan aikinsa. Ba wuta-wuta dawa ke kira ba. Akwai wani nau'in funfuna mai amfani da ke zaune cikin ƙasa, wanda ke shiga saiwa ya miƙa zararsa nesa ya ɗebo wa shuka sinadarin fosfaras, wato harafin P ɗin nan da ke jikin buhun takin NPK, ita kuma ta biya shi da sukari. Shi ake aika wa saƙo. Wuta-wuta laɓe take yi, ta ji sallamar da aka yi wa wani, ta amsa. A 2008 kuma wasu rukunin masana biyu suka nuna cewa sinadarin nan ne shuka ke amfani da shi a cikin jikinta don taƙaita yawan 'ya'ya da rassan da take fitarwa. Don haka ba za ta iya barinsa ɗungurungum ba.

A nan ne ilimin ɗakin gwaji ya zo ya tarar da manomi a inda yake tsaye tun tuni. Tsofaffinmu sun daɗe suna cewa wuta-wuta ciwon gonar da ta gaji ce, kuma ba ta cika samun wuri a gonar bayan gida da ke shan taki ko inda Fulani suka yi mashekari ba. Bincike ya tabbatar da dalili: idan shuka ta rasa fosfaras ko naitirojin, sai ta ƙara yawan sinadarin da take fitarwa don neman taimako, ƙwayoyin wuta-wuta masu yawa su ji su farka. Gonar da ta ƙoshi ba ta yawan kira. Lokacin da ake da filin barin gona ta huta, ana kuma juya dawa da auduga da gyaɗa, ƙwayoyin kan ragu da kansu. Da jama'a suka yi yawa, fili ya ƙanƙance, aka koma shuka hatsi a wuri guda shekara da shekaru, sai ciyawar ta sami yadda take so.

Abin da wannan tarihi ya bar wa mai gona ba shi da wuyar faɗa, ko da yake aikata shi na buƙatar haƙuri. A ciyar da ƙasa da taki, na gida ko na zamani. A riƙa juya hatsi da waken suya, auduga ko gyaɗa, masu tashin ƙwayar ba tare da sun ciyar da ita ba. A nemi irin da ke jure mata, a kuma kula da tsabtar irin da aka sayo a kasuwa, domin ƙurarta na biyo hatsin da aka sussuka a ƙasa. Wadda ta fito kuwa a tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, a fitar da ita daga gona a ƙone. Tugewar ba za ta dawo da abin da aka rasa bana ba. Amma kowane tushe da aka bari ya zubar da iri, an bar wa gonar bashin da yaron da ke koran tsuntsaye a cikinta yau zai iya girma ya tarar ba a gama biya ba.