Hujin da Ya Wahalar da Masu Agogon Ruwa

Agogon ruwa mafi tsufa da ya iso gare mu a Karnak ta ƙasar Masar aka samo shi, na zamanin Fir'auna Amenhotep na 3, ƙarni na 14 kafin Miladiyya. Kasko ne na dutse mai ɗan huji a gindi. A cika shi, ruwa na ɗiga, ana duba zanen ciki a san inda dare ya kai.

Matsalar farko duk mai tara ruwa a duro ya san ta: cikakke ya fi tsartuwa da ƙarfi. Masarawa sai suka buɗa bakin kaskon suka tsuke gindinsa. A Iskandariyya kuwa, ƙarni na 3 kafin Miladiyya, Kitesibiyos ya tsayar da ruwan a tsayi ɗaya kullum, hujin kuma a jikin zinariya ko dutse mai daraja, don kada ya cinye ko ya toshe.

Ta biyun ce ta fi ba mu sha'awa, domin ido ba ya ganin ta. Marubucin Girka Fulutak ya lura cewa agogon ruwa yana nawa da hunturu. Mun saba cewa kunu ya yi kauri, ba mu saba faɗa wa ruwa haka ba, alhali ruwan da ya kusa daskarewa ya kusan ninka kaurin mai ɗumin digiri 20.

Da Toriceli ɗan Italiya ya wallafa dokarsa a 1644, tsayin ruwa kaɗai ya ambata: a ninka tsayi sau huɗu, saurin fita ya ninku sau biyu. Bai yi zancen kauri ba, kuma ba mu ga laifinsa ba, don a gajeren huji mai kaifin baki tasirin kauri kaɗan ne. Sai a shekarun 1840 likitan Faransa Puwazai, mai binciken gudanar jini, ya auna ruwa a dogon siririn bututu, inda sanyi ke rage gudu sosai. Ɗigon agogo ta siririyar kafa yake bi, shi ya sa hunturu ya riƙa yi masa satar lokaci.

Masu ƙera katafila da tifa sun gaji wannan darasi. Inda suke son daidaita gudun mai, gajeren huji mai kaifi suke sawa, domin hannun katafila ya motsa da sanyin asuba kusan yadda zai motsa da azahar, man ya yi kauri ko ya tsinke.