Ƙarfen Sifirin da Tarihin Taurin Kansa

Ƙarfen sifirin, wato baƙin ƙarfen da ke komawa yadda yake da zarar an lanƙwasa shi an saki, ya bunƙasa ne saboda buƙatar maƙeran agogo na Turai, waɗanda tun ƙarni na 15 suke naɗe siririn ƙarfe domin ya riƙa warwarewa a hankali yana tafiyar da agogo. Abin da ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya shi ne rashin daidaiton ƙarfen, domin a wancan zamani ana gasa sandunan ƙarfe ne cikin gawayi na kwanaki har kabon, sinadarin da ke ba ƙarfe tauri, ya ratsa su, sai ya yawaita a baya ya ƙaranta a ciki, sifirin kuwa ya karye a inda ya fi rauni.

Benjamin Huntsman, maƙerin agogo na garin Donkasta a Ingila, wanda aka haifa a 1704, shi ne ya warware wannan matsala bayan ya koma kusa da garin Shefil wajen 1740, inda ya riƙa narkar da ƙarfen ɗungum cikin tukwanen yumɓu har kabon ya gauraye ko'ina. Abin mamaki, maƙeran wuƙa na Shefil sun ƙi ƙarfen da farko bisa hujjar cewa ya cika tauri, sai da Faransawa suka yi ta saye kafin maƙeran su farga.

Narkarwa kaɗai ba ta mayar da ƙarfe sifirin, sai an gasa shi ya yi jawur, an tsoma shi cikin mai, sannan an sake ɗumama shi kaɗan har ya yi shuɗi, wanda hakan ke rage gautsinsa ya bar masa ƙwari. Daga shekarun 1920, lokacin da masana'antun Amurka suka fara murza fallen ƙarfe mai tsawo suna naɗe shi kamar tabarma, sai wata wahalar ta ɓullo, domin fallen da ya kwana a naɗe ba ya miƙewa don an danne shi kawai. Dole a lanƙwasa shi ta ɗaya gefen fiye da ƙima, shi ya sa masana'antu ke bi da shi tsakanin jerin gangunan ƙarfe da ke karkata shi sama da ƙasa, lanƙwasar tana raguwa har ya fito a miƙe.

Mai ƙaramar maƙera a gida ba shi da irin wannan na'ura, kuma idan ya sa fallen a wuta ya miƙe cikin sauƙi, to ya kashe ƙwarin da ya saye shi dominsa. Maƙeran ƙasar Hausa, waɗanda suka bar narkar da tama suka koma ga tsohon ƙarfe a ƙarni na 20, wannan asara ba ta dame su ba, tunda sifirin mota suke gasawa su buge shi a kan uwar maƙera ya zama gatari ko adda, sannan su mayar wa bakinsa kaɗai taurinsa.