Daga Rumbu zuwa Albashi: Tarihin Tanadin Sallah a Ƙasar Hausa

A shekarar 2010 Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar Nuwamba, gero yana rumbu, dawa ta nuna, kuɗin gyaɗa da na wake sun fara shiga hannun manomi. A 2020 kuwa sai ga ta a ƙarshen Yuli, tsakiyar damina, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka Sallah take ja da baya kowace shekara, daga kaka zuwa damina, daga damina zuwa bazara, har ta zagayo cikin shekara 33. Shi kuwa manomi sau ɗaya yake girbi. Wannan saɓani tsakanin lissafin wata da lissafin gona shi ya tilasta wa Bahaushe koyon tanadin Sallah tun da daɗewa, kuma yawancin dabarun da ya fito da su a cikin gida aka ƙirƙiro su, a hannun mata.

Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara sallar Idi a Shadakoko, kuma shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Tun daga wancan lokaci Idi da kasuwa suke tafiya tare. Da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, suna isa har Timbuktu da Gat da Tarabulus.

Sai dai wanda ya san yadda ake yin riga a wancan zamani ya san ba abin da za a nema a jajibiri ba ce. Auduga ake fara gurzawa, a shiɓe ta, mata su kaɗa zare da mazari, wata tsohuwa ta yi makonni tana tara abawa. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, a harhaɗa gomomin irinsa da allura kafin a sami jikin riga. Daga nan sai aikin wuya da na aljihu, aska biyu ko aska takwas, wanda malami ko almajirinsa kan zauna a zaure yana yi da hannu wata da watanni. In rigar mai rini ce a kai ta karofi, a Ƙofar Mata ko a Kura, ta sha baba, sannan 'yan bugu su ɗora ta a kan gungume su yi ta dukanta da shuni har ta ɗauki ƙyalli. Mai son fita Idi da sabuwar riga tun kafin watan azumin tsofaffi yake magana da masu sana'a. Talaka kuwa, wanda rigarsa ɗaya ce, sai ya mayar da ita marina a sabunta ta, a buge, ya fito fes.

Rago ma haka. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya fifita rago a kan sauran dabbobin layya, ya kuma shimfiɗa sharuɗɗa: ya kai shekarun da aka ƙayyade, kada ya zama mai ido ɗaya, ko gurgu, ko marar lafiya, ko ramamme. Ma'ana, ba kowace dabba za a kamo a yanka ba, sai wadda aka kula da ita. Wannan kulawa kuwa aikin matan gida ce. Polly Hill, mai binciken da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar akasarin ƙananan dabbobin garin na mata ne. Mace takan sayi ɗan rago da kuɗin fura ko na ƙuli-ƙuli, ta kafa masa turke a bayan ɗaki. Dusar da ta fito daga surfe tasa ce, haka ruwan tsari, haka ƙanzon tukunya. Da kaka a tara harawa da kowar wake a kan rumfa, a riƙa sauko da su kaɗan kaɗan, a jefa masa ɗan kanwa a ruwa. Yara su yi masa wanka, su saba da shi, wani lokaci har su yi kuka ranar yanka. Ba a jin nauyin kuɗinsa, domin da abin da gida zai zubar aka gina shi. Kuma ba abin mamaki ba ne maigida ya sayi ragon layyarsa a hannun matarsa, a yi ciniki sosai, ta karɓi kuɗinta ta sake sayen ƙarami.

Ga kuma adashi. M. G. Smith, da ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya same shi a cikin hanyoyin da Hausawa ke tara kuɗi, tare da biki, wato gudummawar da ƙawaye ke kai wa juna ana ramawa. Tsarinsa bai canza ba har yau: mutum goma ko ashirin, zubi kullum ko duk ranar kasuwa, uwar adashi tana riƙe da lissafi, kowa da ranar kwasarsa. Gwanintar tana wurin zaɓen ranar. Mai 'ya'ya da yawa takan roƙi a sa kwasarta a Sha'aban, don ta sayi yadi kafin ya yi tsada, ta rage na sukari da gero na kunun buɗa-baki. Mai niyyar kiwo ta nemi tata bayan Babbar Sallah, lokacin da kasuwar dabbobi ta faɗi. Yarinya mai talla tana da asusunta na yumɓu, wanda ba a fasa shi sai Sallah ta matso, kuɗin lalle da kitso da 'yan kunne su fito daga ciki. Marubutan tarihi sun fi son sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma uwar adashi ta cancanci shafinta, domin ita ta riƙe amanar unguwa tun babu banki a ƙasar.

Fada ma tana da nata shirin. Bayan Turawa sun tura hakiman Kano su zauna a gundumominsu wajen 1908, Sallah ta zama lokacin da kowane hakimi ke shigowa birni da dagatai da mahaya don gaisuwa da hawa. Doki ba ya ƙiba a mako guda, linzami da sirdi da jalala kuma sai dukawa da maƙera sun sami lokaci. Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, aikin watanni ne ake nunawa cikin 'yan kwanaki.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta kawo kuɗi, sulalla suka kori wuri. Keken ɗinki ya shigo, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, atamfa da shadda suka cika Kantin Kwari. Rigar da ke cin wata uku ta koma ta kwana biyu. Wannan sauƙi ne na gaske, ba wanda zai so a koma kaɗi da mazari. Amma sauƙin ya zo da tarko, tunda abin da za a iya samu a kwana biyu sai a bar shi har ya rage kwana biyu. Ma'aikaci kuma ba shi da rumbu, ba shi da turke a gidan haya, albashi yake jira, albashin kuma bai san lissafin wata ba. Tun daga shekarun man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, sayen ƙaton rago a makon ƙarshe ya zama abin nuna isa a birane.

Sakamakon kowa ya san shi. A goman ƙarshe na azumi tela yana kwana a kan keke, janareta na ruri, yadi ya taru har rufi, mai kaya yana tsaye a bakin shago yana cewa, "Maigida, alƙawarin jiya fa?" Ana zagin teloli da saɓa alƙawari, kuma wasunsu sun ci zagin, tunda suna karɓar abin da ya fi ƙarfinsu. Amma wanda ya kawo yadi ranar 25 ga azumi shi ma yana da nasa kason. A kara kuwa, daga Wudil zuwa Maigatari, daga Mai'adua zuwa Potiskum, dillali yana ganin fuskar mai gaggawa ya san ya samu. Balami da uda da aka yi wata huɗu ana ɗura musu dusa suna tsaye, farashinsu ya haɗa da kuɗin abinci da na mota da la'ada.

'Yan shekarun nan sun ƙara tsananta lamarin. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wata guda kafin Babbar Sallah, kuɗin dakon dabbobi ya tashi. A Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gabanin Sallah, alhali kasuwannin kan iyaka da garkunan Maraɗi da Damagaram suka dogara. Matsin ya sa mutane sun waiwayi tsofaffin dabaru. Watanda ta ƙara ƙarfi, inda abokai ko maƙwabta ke zubi tun watanni kafin Sallah, a sayi sa, a yanka, a kasa naman daidai da hannun kowa. Ƙungiyoyin ma'aikata suna sayo raguna da shinkafa a sari, a riƙa cire kuɗin daga albashi sannu a hankali. Uwar adashi ta koma karɓar zubi ta waya, lissafinta yana WhatsApp. A unguwannin bayan gari an sake ganin turke a lungun gida, matan ma'aikata suna sayen dusa da buhu. Manyan teloli a Kano da Kaduna su ma sun ɗauki mataki: da yawansu kan sanar tun farkon azumi cewa sun rufe karɓar ɗinkin Sallah, wanda ya makara sai dai ya nufi masu sayar da ɗinkakku.