Motsa jiki mai ƙarfafa zuciya ga mai rauni a gwiwa

Raunin gwiwa ba ya hana mutum motsa jikin da ke sa zuciya bugawa da sauri. Abin da yake hanawa shi ne gudu, tsalle da ƙwallon ƙafa. Ko a tafiya, gwiwa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki.

Iyo ne ya fi yi mata sauƙi, domin ruwa ke ɗauke nauyin. Wanda bai iya ba sai ya yi tafiya cikin ruwa iya ƙirji. Amma iyon kwaɗo yana murɗa gwiwa, kuma ruwan tafki da na kogi kan jawo tsargiya, don haka wurin iyo mai tsabtataccen ruwa ya fi.

Keken motsa jiki ma yana yi, muddin an ɗaga sirdinsa yadda gwiwa ba za ta lanƙwashe sosai ba. Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya zama kan kujera ya riƙa kai wa iska naushi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako, amma mai rauni da kaɗan yake farawa. In gwiwar ta kumbura, ta maƙale, ko ta kasa ɗaukar jiki, a dakata a ga likita.