Yadda iyayen yara suka tada lakwal da ta kwanta

Hirarmu ta yau tarihi ce.

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, cikin yara ɗari ko biyar ba su shiga lakwal. Kwaleji kuwa sai manyan garuruwa. Sannu sannu gwamnati ta yi ta buɗe makarantu. Daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi. A 2003 aka kafa tsarin ilimi na shekara 10.

Yara sun yawaita, amma karatu ya yi rauni. Aji rumfar zana, littafi ɗaya yara da yawa. Yaro ya shiga ajin farko na kwaleji bai iya karatu sosai ba. Ya faɗi, ya sake aji, a kore shi. Uba ya yi hasarar kuɗi, yaro ya yi hasarar shekaru.

A 2004 aka gwada wata dabara a jihar Tawa, da taimakon ƙasar Japan. Da, sau da yawa manyan gari ke naɗa ƴan kwamitin lakwal, ba mai tambayarsu. Sai aka ce a zaɓe su da ƙuri'ar asiri. Wannan kwamiti shi aka kira COGES a lokacin. Yakan tara gari, a faɗi abin da ya lalace, a rubuta aikin shekara. Wani ya kawo kara, wani kuɗi, wani ƙarfinsa. Ƙarshen shekara a sake taro, a bayyana abin da aka kashe.

Da aka ga amfani, a 2007 aka baza dabarar cikin makarantun firamare na ƙasa duka. Daga baya aka kai ta kwaleji. Wasu garuruwa sun shirya wa yara karatun ƙari bayan an tashi. Senegal, Mali da Burkina su ma sun ɗauka.

Ba a gama gyara ba. Kwamiti ba ya biyan albashin malami, ba ya buga littafi. Wannan aikin gwamnati ne. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai da ka koyi karatu bana, buɗe takardar sakamakon ɗanka ka karanta da kanka. Ke ma haka. In an kira taron kwaleji, ku je, ku tambayi lissafin kuɗi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.