Tarihin Horon Masu Rediyon Sha'awa

Dattawanmu da suka sauka Kudu tun zamanin da jirgin ƙasa ke tashe sun san buga waya: ka je gidan waya, ma'aikaci ya ƙwanƙwasa saƙonka zuwa Kano da gajeren sauti da dogo. Wannan shi ne harshen Morse. To, akwai mutane a duniya da suka koye shi don sha'awa kurum, suna haɗa rediyonsu a gida suna hira da na nesa.

Horonsu ya samo asali ne daga doka. A 1912, bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic, gwamnatin Amurka ta ce ba mai aika saƙo ta iska sai da lasin. Aka kuma kora 'yan sha'awa zuwa gajeren zango, wai can ba shi da amfani. Ashe nan albarkar take! A 1923 wani a Faransa ya yi musayar saƙo da 'yan uwansa a Amurka, a wannan zangon da muka daɗe muna kama BBC a kai.

Tun 1914 Hiram Percy Maxim ya kafa musu ƙungiyar ARRL a Hartford. Tasharta, W1AW, har yau tana watsa Morse don masu koyo su zauna da takarda su rubuta abin da kunne ya ji. Kunnen kuwa shi ne wahalar. Wanda ya haddace alamomin daga takarda yakan tsaya cik da zarar an ƙara sauri, don ƙirga yake yi. Wajen 1935 wani Bajamushe, Ludwig Koch, ya kawo dabara: a fara da harafi biyu tak, amma da cikakken sauri, in ɗalibi ya ci tara cikin goma sai a ƙara ɗaya. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ji wannan baƙo ba.

Jarrabawar Amurka hawa uku ce a da: kalma 5, 13, da 20 a minti ɗaya. Mutane da yawa masu gwanintar haɗa na'ura nan suka faɗi. A 2003 taron hukumar sadarwa ta duniya a Janeba ya bar wa kowace ƙasa zaɓi, Amurka kuma ta soke jarrabawar Morse a 2007. A ganina an kyauta, ko da yake tsofaffin hannu sun yi ta gunaguni.

Atisaye dai bai mutu ba. Tun 1933 suke fita fili a watan Yuni, su kafa eriya, su yi aiki da batir ko janareta kamar an yi bala'i wuta ta ɗauke. Kowa da lambar kiransa: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma yana cikinsu, lambarsa JY1.